Yaron da Aka Hana Cin Kawa

Shawei, watan takwas, 1987

Baban Awen,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka duka. Yaya Dalian, yaya sassaƙar dutse, yaya kuma tarin nan naka? Na san halinka sarai, za ka ce ya warke alhali ƙura tana nan cike da ƙirjinka. Ka riƙa ɗaure hanci da ƙyalle in kana aiki, ba roƙo nake yi ba. Inna tana gaishe ka. Ta ce in faɗa maka takalmin da ka aiko ya yi mata yawa, amma ta hana kowa taɓawa, yana can ƙarƙashin gado.

Bayan haka, raina a ɓace yake, kuma yau ba zan yi maka kwana-kwana ba. Na kai ɗanmu Awen makaranta don a rubuta sunansa. Malam Pan ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce ina yaron, wai ko na manto shi a gida na ɗauko ƙaninsa. Na ce shi ne wannan, shekararsa bakwai. Ya yi dariya yana zaton wasa nake yi, da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Ya jera shi da ɗan gidan Cai, wanda muka haifa wata ɗaya, ka san shi. Baban Awen, kan ɗanka bai kai hammatarsa ba. Sauran yara suka hau kiransa ɗan ƙaguwa, na ji kamar in bi su ɗaya bayan ɗaya da mari. Malam ya ce a bar shi sai baɗi, ba zai iya zaman aji ba.

Rabonka da shi tun sabuwar shekara, kuma abin ya ƙaru. Gyambon bakinsa ya sauka har haɓa, akwai a gwiwa, akwai a mazaunai. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi kamar gemun masara, in na taje sai ya biyo mataji. Zawo ya tafi ya dawo. Ɓawon kawar teku ya yanke shi a ƙafa tun kafin zafi ya shigo, har yau wurin bai haɗe ba. Abinci kuwa faɗa ne, komai aka sa masa a baki sai ya ce ruwa ne, ba ya jin ɗanɗano. Amma fa makon jiya na kama shi a gaban teburin kakanni yana kwasar tokar turare yana lasa. Inna ta ce kakanni ne ke kiransa, ta ruga ta ƙone musu takardar hadaya. Ni kuwa na zauna a bakin rijiya na yi kuka na ƙoshi.

Kada ka ce uwarka ta gaza, ba wanda ya kai ta ƙoƙari. Tun da ƙyanda ta kama shi shekara huɗu baya ta bar masa ƙurajen nan, ba ta yarda ya kusanci abinci mai tayar da ciwo ba ko sau ɗaya. Ba kawa, ba jatan lande, ba ƙaguwa, ba ƙwai, ba nama, sai kunun shinkafa da dankali da ɗan ganyen da aka jiƙa a gishiri. Ita ma ta daina cin kawa don kada ya gani ya yi kwaɗayi. Ka duba fa, a gidan da muke wuni muna ɓare ta har yatsunmu su tsage. In ta tashi daga kan ɓara sai ta wanke hannu har gwiwar hannu kafin ta taɓa shi. Ta kai shi wurin tsohuwar nan mai tsaga gaɓar yatsu da allura, an matse ruwa, ya yi ihu, ba abin da ya sauya.

Malam Pan ya ce akwai wata Likita Ruan a asibitin gunduma da ke duba yaran da ba sa girma. Inna ta ce likitoci yanka kawai suka iya. Ni dai da zarar ruwan teku ya daina janyewa sosai, aikin gonar kawa ya lafa, zan ɗauke shi mu tafi. Ba izininka nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Ka gaishe da mai gidanku. Ka ci abinci mai zafi.

Matarka,
Ke Lanfen

Shawei, watan tara, 1987

Baban Awen,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin can bai fara takura maka ba. Wasiƙarka ta iso, na gode da ka ce in kai shi, ko da yake mun riga mun je mun dawo kafin ta zo. Haka kake kullum, sai an gama ɗaukar kaya kake miƙo kafaɗa.

Likita Ruan yarinya ce, ban jin ta girme ni. Ta auna tsayinsa, ta duba farcensa da harshensa, ta yanki gashi daga ƙeyarsa, aka ɗebi jini. Sannan ta ce in lissafa mata abin da yake ci tun daga safe. Ban daɗe ina lissafi ba na gama. Ta ce sai me, na ce shi ke nan. Ta tambayi garinmu da sana'armu, da na ce kawa muke nomawa sai ta ajiye alƙalami ta tsura mini ido har na tsargu.

Da muka koma karɓar sakamako ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai wani sinadari da ake kira zinki, jiki kaɗan yake buƙata, amma in babu shi yaro ba ya tsawo, rauni ba ya haɗewa, gashi ya zube, harshe ya daina jin daɗin abinci har yaro ya koma cin ƙasa da toka. Zawo yana wanke shi daga jiki, rashinsa kuma yana ƙara kawo zawo. Ta ce akwai shi a nama da hanta da ƙwai, amma a duk abincin da ta sani ba wanda ya kai kawa. Kawa fa, Baban Awen! Wadda ɓawonta ya yi tsibi a ƙofar gidanmu har muna gina katanga da shi. Na rasa inda zan sa kaina. Ta ba mu ruwan magani a kwalba, ta ce a fara ba shi kawa dafaffiya sosai, kaɗan-kaɗan, a ga yadda jikinsa zai karɓa. Na tambaye ta ko zai kamo tsaransa, ta ce ba ta yi mini alkawarin duka ba, amma in aka ƙara jinkiri abin da ya wuce ba zai dawo ba.

To a nan rigima ta tashi. Da na faɗa wa Inna, sai ta ce in maimaita. Ta ce tun kakannin kakanni ba a taɓa ba mai gyambo kawa ba, wai so nake in zuba wa wuta mai. Na ce shekara huɗu muna bin na kakanni, ga yaron nan kullum jiya ta fi yau. Don tsautsayi kuma, da safe na ɗura masa maganin kafin ya ci komai, na manta likita ta ce sai bayan abinci, ya amayar da shi a kan cinyarta. Shi ke nan na ba ta abin faɗa. Kwalbar ta ɓace a gidan, na birkice ko'ina ban gan ta ba. Na sayo hanta na dafa masa da hannuna, na je ɗauko kwano, na dawo na tarar ta juye wa agwagi.

Matan bakin ruwa duk suna bayanta. Ina ɗauke da kwanduna ina jin su, wai matar Zhuang, ni ke nan, ta je birni ta koyo yadda ake kashe ɗa. Na ajiye sandar ɗaukar kwandunan na ce wadda ta isa ta faɗa a gabana. Daga ranar ba wadda ta zauna kusa da ni wurin ɓara.

Na faɗa wa Inna magana mai zafi, ba na jin daɗinta amma ban janye ba. Na ce in wata ya cika ba ta fito da kwalbar ba, zan goya ɗana mu koma gidan iyayena, in ya so duniya ta zage ni. Ta juya ta ci gaba da aikinta. Yanzu tukunya ɗaya muke ci amma ba mai kallon wani. Shi kuwa yana zaune a tsakaninmu yana juya kunu da cokali, wuyansa kamar sillen kara.

Ba na ƙin uwarka. Na san in aka ce ta ba da ranta don yaron nan ba za ta tsaya sa takalmi ba. Abin da ke ci mini rai ke nan, ƙauna ce take hana shi abin da zai raya shi, kuma ban san yadda ake faɗa da ƙauna ba.

Ka huta lafiya. Ka rubuto mata, wataƙila ta ji naka.

Taka,
Lanfen

Shawei, watan goma, 1987

Baban Awen,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan tarin ya yi sauƙi. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, kada ka karanta a gaban mutane.

Wasiƙar da ka rubuto wa Inna ban ma kai ga karanta mata ba. Wata safiya na fito na gan ta ta ɗaura sabon ɗankwali, ta sa takalmin nan naka da ya yi mata yawa, ta cusa tsumma a gabansa. Ta ce in kai ta ta ga yarinyar da ta fi iyayenmu sani. Matar da ba ta taɓa shiga motar haya ba! Duk hanya tana riƙe da ƙarfen kujera tana zagin direba, ni kuma ina ta fargabar abin kunyar da za a yi a asibiti.

Likita Ruan ta miƙe ta ba ta kujerarta, ta kira ta Kaka, ta zuba mata shayi. Wannan ya rage kaifin bakin. Likita ba ta ce al'ada ƙarya ce ba. Ta ce gaskiya ne akwai mutanen da abincin teku ke fito musu da ƙuraje, tsofaffi sun gani da idonsu shi ya sa suka hana, amma na Awen ba irinsu ba ne, nasa na rashi ne. Ta shiga lissafa alamomin ɗaya bayan ɗaya. Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ajiye kofin ta ce:

"In yaro yana da duk waɗannan, yana cin farar ƙasar bango, ya kai shekara takwas bai fi ɗan huɗu ba, zawo ya zo ya tafi da shi fa?"

Na ɗauka Awen take nufi, na ce Inna wace irin magana ce wannan. Ta ce in yi shiru, ba da ni take ba. A nan na fara jin sunan Amu, ɗanta da ya rasu. Shekara tara ina gidanku ban san kana da wa ba. Ban ga laifinka ba, kana ƙarami sosai lokacin, kuma na san yaron da ya mutu ba a sa sunansa a allon kakanni, ba a ambatonsa.

Likita ta ce ba za ta iya yanke hukunci kan yaron da ba ta gani ba, kuma a shekarun yunwar nan yara da yawa sun tafi, dalilai sun yi yawa. Inna ta girgiza kai ta ce:

"'Yata, kada ki lallashe ni. Mu a bakin teku muke. Kawa ce ta raya Shawei a shekarun nan, kowa ya ci ya rayu. Shi kaɗai na hana."

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, likita ma ta juya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. A mota Inna ba ta zagi kowa ba.

Muna isa gida ta sa hannu cikin randar shinkafa har kafaɗa ta zaro kwalbar, ta dire mini. Ta ɗauki wuƙar ɓara ta zaɓi manyan kawa, ta dafa su da citta cikin kununsa har suka yi laushi. Ta ɗauke shi ta ɗora a cinya. Awen ya kalli kwanon ya kalle ta, ya ce ai Kaka kin ce in na ci zan mutu. Ta ce Kaka ta yi kuskure, buɗe bakinka. Kwana uku ba ta je gona ba, tana zaune tana ɗaga masa riga tana duba ko ƙuraje sun ƙaru. Ba su ƙaru ba.

Na yi ta tunani a kan wannan. Da ta ci gaba da cewa likita ƙarya take yi, da ta mutu hankalinta kwance cewa ta yi wa Amu iyakar ƙoƙari. Ta san abin da yarda za ta jawo mata, ta yarda, don ɗanmu. Ni da nake cika baki da zafin rai, ban san ko zan iya ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri kan maganar komawa gidanmu, ta ce in tashi in daina ɓata mata lokaci, wuta na cin itace a banza.

Ga wani labari da zai sa ka dariya. Shekaranjiya yana cin kunu sai ya ɓata fuska ya ture kwano, ya ce Kaka gishiri ya yi yawa. Ashe duk shekarun nan tana zabga gishiri don ya ji ɗanɗano, mu ma mun saba muna ci ba mu ce komai ba. Ta ce ka ji ɗan banza, jiya-jiya ya sami harshe har ya fara yi wa girkina sharri. Ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba.

Ka kula da kanka. In kana son yin kuka ka yi, ba wanda zai gani a can.

Matarka,
Lanfen

Shawei, watan tara, 1988

Baban Awen,

Ina gaishe ka gaisuwa ta musamman, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Inna da Awen suna gaishe ka. Shi ya ce in faɗa maka baɗi da hannunsa zai rubuto, wai rubutuna kamar tafiyar ƙaguwa. Ka ji rashin kunyar da abinci ya kawo mana.

An karɓe shi a makaranta. Malam Pan ya sake jera shi da ɗan gidan Cai, yanzu ya kai masa kunne. Bai kamo shi ba, likita ta ce wataƙila ba zai kamo duka ba, amma na gode, na gode ƙwarai. Yadda ka bar shi a sabuwar shekara ba haka yake ba yanzu. Bakin ya warke sai ɗan tabo, gashi ya fito baƙi har na kai shi aski, ƙafar ta haɗe. Ci kuwa sai na ɓoye tukunya. An dakatar da maganin, likita ta ce yawansa ma illa ne, abinci ya isa. Na kai mata busasshiyar kawa ta ƙi karɓa, na ajiye a teburinta na gudu. Malam ma na kai masa, shi bai yi gardama ba.

Matan da suka ce zan kashe ɗana yanzu su ne ke zuwa a kaikaice, wai sun zo aron rariya, su ƙare da tambayar sunan likita. Ni da a bar ni da su da sun ji magana, amma Inna ce ke tare su. Yara biyu ta raka asibiti da kanta, yanzu har ta san direbobi da suna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na jiya. Da rana Awen ya dawo daga makaranta yana cin abinci a tsakar gida. Inna ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin aurenta, ta fito da wata 'yar riga shuɗiya mai auduga a ciki, tsohuwa, duk faci. Ban tambaya ba, na gane ta Amu ce. Ya kamata a ce an ƙone ta tare da sauran kayansa tun wancan lokaci, ashe ta ɓoye. Ba ta sa masa ba. Ta lallaɓa ta bayansa yana ta ci bai sani ba, ta kara rigar a kafaɗunsa. Kafaɗun sun fi ta faɗi. Ta miƙa hannun rigar a kan hannunsa, ya tsaya can sama da wuyan hannu. Ta sake gwadawa ta ɗaya gefen. Sannan ta juyo ta dube ni ta ce:

"Ya wuce shi, Lanfen. Wannan zai zauna."

Ta naɗe rigar ta ce in kawo ashana. Muka bi ta bayan gonakin dankali zuwa tudun yashi, wurin da aka binne Amu, ba dutse ba alama, amma ƙafarta ba ta yi shakka ba. Ta ajiye ɗan kwano na kunu da kawa a ƙasa, ta ƙone rigar, ta tsaya har wuta ta cinye ta. Na ji tana cewa ya karɓa ya sa, can akwai sanyi, kuma ya ci, yanzu an yarda ya ci. Na riƙe ta muka gangaro, ba ta ture hannuna ba.

In ka zo kada ka tayar mata da maganar. Ka ci abin da ta dafa, ka nemi ƙari. Ni dai na san wadda ta ba ni ɗana karo na biyu, kuma muddin ina numfashi ba za ta ɗauki ko guga a gidan nan ba, ko da za ta zage ni a kai, kuma za ta zage ni.

Ka gaishe da abokan aiki. Muna nan muna jiranka, mu uku.

Matarka mai godiya,
Ke Lanfen